Martani: Bod Ɗin da Ke Cikin Batir Ba Shi Ne Ke Cin Kuɗinmu Ba

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kan tsadar baturan na'urorin awo da gwaji, irin waɗanda ma'aikata ke rataya su a kafaɗa su fita fili da su: na'urar gwajin wayar fayiba, mitar saita dish, na'urar gwada rufin wayar lantarki, kyamarar da ke ganin zafi, da kayan safiyo. Malam ya kafa hujja da cewa duk kayan kariyar da kamfanoni ke cusawa cikin batirin litiyam dabara ce kawai ta ɗaure mai saye, don kada ya iya gyara da kansa. Shawarar da ya ba matasa masu sana'a kuwa ita ce, idan batir ya ƙi caji a farke shi, a cire bod ɗin kariyar, a zuba ƙwayoyin da aka kwanto daga tsohuwar laftof, a haɗa waya kai tsaye a koma bakin aiki. Hujjojinsa uku ne. Caja ta san lokacin da za ta tsaya, an daɗe ana yi ba a ga gobara ba, kuma wayar Galaxy Note 7 ta kama da wuta duk da kariyar da ke cikinta.

Kan tsada ba ni da ja da shi. Duk wanda ya taɓa neman batirin asali na injin haɗa fayiba ya san sai an yi oda daga waje, a biya da dala, a zauna jira aiki yana tsaye. Akwai kuma kamfanonin da ke sa wani ɗan guntun lantarki a batir wanda ba ya aikin komai sai shaida cewa batirin nasu ne, na'ura ta ƙi karɓar na wani ko da ya fi nasu kyau. Wannan kasuwanci ne tsagwaronsa, kuma ba mu kaɗai muke kuka da shi ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 wadda, daga Fabrairun 2027, za ta tilasta a riƙa ƙera yawancin na'urorin hannu yadda mai su zai iya cire batir ya sa wani da kansa. Da a nan Malam ya tsaya, da na mara masa baya ba wata-wata. Amma sai ya haɗa makullin ɗan kasuwa da makullin injiniya ya yi musu kuɗin goro, ya ce duk a ɓalle.

Bari mu fara da cajar da ya dogara da ita. Ƙwayar litiyam da aka fi sani, mai lamba 18650 ɗin nan wadda faɗinta milimita 18 ne tsawonta 65, tana aiki a bolt 3.6 ko 3.7, cikarta kuma 4.2. Ba ta da haƙurin batirin mota, wanda idan caji ya yi masa yawa ruwansa ne zai ƙone a ƙara masa wani. Ita idan aka ci gaba da ɗura mata wuta bayan ta cika, litiyam ɗin da ya rasa wurin shiga yakan kwanta a matsayin ƙarfe a jikin ɓangaren negetif, ɓangaren fozitif ya fara rugujewa, iska ta taru a cikin gwangwanin. To, na'urorin awo da yawa ba ƙwaya ɗaya suke ɗauka ba, biyu ne ko uku ko huɗu a jere. Ɗauki uku. Cikarsu gaba ɗaya bolt 12.6 ne, kuma abin da caja mai waya biyu take iya gani ke nan, jimilla. Yanzu a ce ɗaya daga cikin ukun ta fi tsufa. Ita za ta riga cika, domin cikinta ya ragu. Tana iya kaiwa 4.5 yayin da sauran biyun ke 4.05 kowace. Haɗa lissafin: 4.5 da 4.05 da 4.05, ya ba ka 12.6 cif. Caja ta kunna koriyar fitila, a ganinta ta yi aikinta daidai, alhali ƙwaya ɗaya ta wuce gona da iri, kuma gobe ma haka za a sake yi mata.

Ƙwayoyin kwance kuwa, da wuya ka samu uku da tsufansu ya zo ɗaya. Wannan ta yi shekara biyar a laftof ɗin ofis, waccan ta kwana a bola rana tana dukanta. Shawarar Malam ta haɗa abubuwa biyu da suka fi hatsari idan suka gamu: ƙwayoyin da ba su dace da juna ba, da cire abu ɗaya tilo da ke duba kowace ƙwaya ita kaɗai.

Haka abin yake a wajen ƙarewa. Mai raunin ce ke riga ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinta har ta faɗi ƙasa warwas. A irin wannan hali jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin, idan aka sake caji ya dawo ya daskare a inda bai kamata ba, ya yi tsini. Shi ya sa caja mai hankali, idan ta tarar da ƙwaya ƙasa da bolt 3, take fara ba ta wuta kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, ta ga ko za ta farfaɗo, idan ta ƙi ta haƙura. Masu gyara da ke ɗana wa mataccen batir waya daga babbar wuta don su "tashe shi" wannan gwajin suke tsallakewa.

Bod ɗin da Malam ya ce a jefar yana da waya zuwa kowace mahaɗa tsakanin ƙwayoyi. Idan ɗaya ta haura wajen 4.3 sai ya yanke caji. Idan ɗaya ta sauka zuwa wajen 2.5 sai ya yanke fita. Idan wani ƙarfe, makulli ko sukundireba a cikin jakar kayan aiki, ya haɗa bakin batirin ya yi shot, kafin ƙiftawar ido ya datse hanya, domin ƙwaya guda tana iya zubo gomman amfiya a lokaci ɗaya, abin da zai mai da siririyar waya jawur. Ga kuma abin da ya kamata ya sa Malam ya sake tunani: kayan da ke wannan aiki suna cikin mafi araha a duk batirin. Guntun DW01 da makunnin 8205, waɗanda duk mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya san su, ba su ne ke kai kuɗin batir sama ba. Idan kamfani na son tatsar mu, yana yi ne ta sunansa, da siffar kwalin da ba ya shiga na'urar kowa, da guntun shaidar nan da na ambata. Wanda ya cire bod ya bar duk waɗannan inda suke.

Sai zafi, wanda shi ne ya fi shafar mu, kuma Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Masu ƙera ƙwayoyin litiyam galibi suna ƙayyade caji tsakanin digiri 0 zuwa 45, amfani kuma kada ya wuce 60. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, iskar inuwa ma tana haura 40. Motar da aka rufe a rana tana iya wuce 60 a ciki. Ka duba bakin batirin na'urarka, za ka ga ƙarafa sun fi biyu. Ɗaya daga cikin ƙarin yana zuwa ne ga wani ɗan ma'aunin zafi mai girman kan ashana, wanda aka manna a jikin ƙwayoyin. Abin da ke faruwa a fili sananne ne. Ma'aikaci ya ciro na'urar gwajin fayiba daga but ɗin mota da azahar, jikinta har ƙuna yake yi a tafin hannu, ya jona ta a caji, ta ƙi. Ya zare ya sake jonawa, ya busa bakin cajar, ya buga ta a cinya, ta ƙi. Sai ya yanke hukunci cewa batir ya mutu. Da ya ajiye ta a inuwa ya je ya yi salla ya dawo, da ya tarar tana caji lafiya lau. A wurin mai gyara kuma maganin da aka saba shi ne a cire ma'aunin a liƙa rezisto mai om 10,000 a gurbinsa. Wannan adadi shi ne abin da irin ma'aunin da aka fi amfani da shi ke nunawa a digiri 25. Wato an shirya wa na'urar ƙaryar da za ta riƙa ji kullum, cewa gari da sanyi, ko da batirin yana dahuwa.

Don a gane abin da ake tsoro, sai an leƙa cikin ƙwayar kanta. Idan aka warware ta, nadi ne na dogayen falle-falle. Fallen jan ƙarfe mai shafen baƙin gawayi, fallen alminiyam mai shafen sinadarin litiyam, sai wata farar fatar roba a tsakaninsu wadda kaurinta bai kai na gashin kai ba, duk a jiƙe da ruwan sinadari mai saurin cin wuta. Wannan farar fata ita kaɗai ce shamaki tsakanin fozitif da negetif. An ƙera ta da ƙananan ƙofofi, kuma a yawancin ƙwayoyi masu kyau ƙofofin na narkewa su toshe a wajen digiri 130, wuta ta daina gudu. A ƙarƙashin hular da ke saman ƙwayar akwai wasu abubuwa a jere. Akwai zoben da ke ƙin barin wuta ta wuce idan ya yi zafi, ya sake buɗewa idan ya huce, ko da yake ba kowace ƙwaya ke da shi ba. Akwai wani siririn faifai da ke bankarewa ya tsinke haɗin wuta idan iska ta yi yawa a ciki. Akwai kuma tsagar da aka yi da gangan don gwangwanin ya fitar da iska ta sama maimakon ya tarwatse.

Faifan nan idan ya tsinke ba ya komawa, kuma da gangan aka yi shi haka. Ƙwayar za ta nuna sifili a mita. Yanzu an samu masu koya wa mutane su zura allura ko siririn sukundireba ta ramin hular su danna faifan ya koma, ƙwayar ta "dawo". Ta dawo kam, da iskar da ta tsinka shi tana nan a ciki, da lalacewar da ta haifi iskar. Irin waɗannan ƙwayoyi suna cikin abin da ke yawo a tiren masu sayar da na kwance, kuma ba a gane su da ido. Baturan da ke cikin leda mai sheƙi, irin na mitar dish da ƙananan na'urori, su ba su ma da faifai ko tsaga. Kumburi ne kawai gargaɗinsu, bod ɗin kuma shi ne kusan dukan kariyarsu.

Idan duk waɗannan suka gaza, zafi ne ke haifar da zafi. Shamaki ya narke gaba ɗaya, falle biyun su haɗu, ɓangaren fozitif ya fara sakin iskar oksijin daga jikinsa, wutar ta riƙa ciyar da kanta ta haura digiri 500, ta kama ƙwayar da ke kusa, ita ma ta kama ta gaba. Hayaƙin guba ne. Duniya ta ga wannan tun kafin Sony ya fito da batirin litiyam na zamani a 1991. A 1989 wayar da ke ɗauke da batirin kamfanin Moli Energy na Kanada, mai tsantsar ƙarfen litiyam, ta kama da wuta a Japan, aka janye baturan, kamfanin ya durƙushe. Daga irin wannan asara kayan kariyar suka samo asali.

Hujjar Note 7 kuwa, ita ce ta fi ba ni mamaki, domin kan Malam take faɗawa. Samsung ya janye wayoyi kusan miliyan 2.5 a Satumbar 2016, ya daina ƙera wayar a Oktoba, a Janairun 2017 ya bayyana sakamakon bincike. A baturan farko kusurwar nadin ce ta lanƙwashe saboda matsi. A waɗanda aka musanya da su, tsinin walda ne ya huda shamaki, wasu kuma ba a sa musu tef ɗin rufi ba. Duka biyun shot ne daga cikin ƙwaya. Haka abin ya kasance a 2006, lokacin da Dell ya janye baturan laftof miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga ƙwayoyin a masana'anta. Gaskiya ne bod ba ya iya tare shot ɗin ciki, domin yana waje ne, wayoyi kawai yake yankewa. Abin da wannan ke nunawa shi ne lafiyar ƙwayar ma wajibi ce. Idan manyan masana'antu masu ɗakunan da ƙura ba ta shiga sun iya fitar da ƙwaya mai lahani, me za a ce da wadda aka ɓamɓaro da filaya daga tsohon kwali, aka ɗora mata ƙarfen dalma mai zafi a ka? Boeing ma, da jiragensa samfurin 787 suka tsaya cak a Janairun 2013 bayan matsalar batir a Boston da kuma Japan, bai ce tunda kariya ta gaza a cire ta ba. Ya ƙara rufi tsakanin ƙwayoyin, ya sa batirin cikin akwatin ƙarfe, ya yi masa bututun fitar da hayaƙi zuwa waje.

Akwai kuma abin da ya bambanta na'urar awo da waya ko tocila, wanda na yi tsammanin mai rubutu a kan wannan fanni zai sa a gaba. Osiloskof ɗin hannu da aka rubuta wa CAT III 1000 V ana ɗora shi ne a kan wayar da ke ɗauke da wutar da ke kisa. Murfin batirinsa, da tazarar da aka bari tsakanin ƙarafan ciki da hannun mai riƙo, duk suna cikin lissafin da ya sa aka ba shi wannan lamba. Wanda ya huda jikinsa ya fito da wayoyi biyu zuwa wani batir da ya naɗe da salatif a baya, ya buɗe hanya tsakanin abin da ake aunawa da fatarsa. Na'urar gwada rufin waya tana iya haɗa bolt 5,000 daga ɗan batirin da ke cikinta. Na'urar shinshino iskar gas da ake shiga da ita depo ko gidan mai an tantance ta ne tare da batirinta, a kan cewa ko ta lalace ba za ta yi tartsatsin da zai kunna iskar ba. Canza mata batir da na haɗin gida ya soke wannan shaidar, kuma a irin wurin ba mai na'urar kaɗai abin zai shafa ba. Ko a inda babu hatsarin rai, bod ɗin baturan zamani ne ke lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita ya gaya wa na'urar sauran kashi nawa. Ba shi, allon zai nuna rabi ya mutu a tsakiyar awo, kana saman turke ko cikin rami.

A baturan laftof da na manyan na'urori akwai wani fis da bod ke ƙonawa da kansa idan ya ga abin da ba ya gyaruwa, kamar ƙwaya ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwanta ko makunnin yanke wuta ya lalace. Daga nan batirin ya rufe ke nan. Wannan ne Malam ya fi jin haushi, kuma na yarda wani lokacin yana rufewa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, misali idan mai gyara ya cire ƙwayoyi ba bisa tsari ba. Amma kafin a ce an zalunce mu, a auna kowace ƙwaya tukuna. Sau da yawa za a tarar da ɗaya a ƙasa.

Saura cewa an daɗe ana yi ba a ga komai ba. Wannan maganar mai gida ce da ya sallami maigadi don bai taɓa ganin ɓarawo ba. Yawancin baturan da aka cire wa kariya ba za su kama da wuta ba, za su dai mutu da wuri ne, mai su ya ce ƙwayoyin ba su da kyau. Kaɗan ɗin da za su kama ba sa yin sallama, kuma lokacin caji ya fi yawa, wato da dare, lokacin da aka kawo wuta, na'ura tana kan katifa ko kujera a ɗakin da yara ke barci. Gobarar da ta tashi haka a unguwa "wutar lantarki" ake cewa, babu mai tona toka ya nemo gwangwani. Kamfanonin jiragen sama, su da ke tonawa, ba su ɗauki abin da wasa ba. Bayan faɗuwar jirgin dakon kaya na UPS a Dubai a Satumbar 2010, wanda wuta ta tashi a cikin kayansa da suka haɗa da tarin baturan litiyam, an yi ta tsaurara dokoki, har a 2016 aka hana ɗaukar baturan a matsayin kaya a jirgin fasinja. Batirin ajiya a jakar hannu ake shiga da shi, wanda ya haura Wh 100 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma kowane samfuri sai ya ci gwaje-gwajen ƙa'idar UN 38.3 kafin a yi jigilarsa. Batirin haɗin gida bai ci ko ɗaya ba.

Ba cewa nake yi kowa ya sayi na dala ko ya rufe shago ba. Sabunta ƙwayoyin batir sana'a ce ta halal, ana yin ta a ko'ina, kuma muna da matasan da za su iya. A sayi sababbin ƙwayoyi iri ɗaya, na kamfani ɗaya, a auna cikinsu kafin a haɗa. Duk 18650 da aka rubuta wa 9,900 mAh jabu ce, domin na gaske mafi girma ba sa kaiwa ko rabin haka. A haɗa da waldar ɗigo da zaren nikel, kada a ɗora dalma a kan ƙwayar. A mayar da bod ɗin asali da ma'aunin zafinsa a inda suke, idan ya mutu a sa wani da ya dace da yawan ƙwayoyin da ƙarfin wutar. Batirin da ya kumbura, ko ya lotsa, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. Na'urar da za ta daɗe a ajiye a bar ta da rabin caji a wuri mai sanyi. Na'urar gas da ta babbar wuta kuwa, su kam na asali, ko a haƙura da aikin.

Malam, matasa suna karanta ka, kuma masu ƙaramin jari ne za su fi saurin bin shawararka, su da ke caji a ɗakin kwana. Ina roƙonka ka janye sashen nan na cire bod a fili, kamar yadda ka rubuta shi a fili. Faɗan tsada da makullin 'yan kasuwa kuma ka ci gaba da shi, ka kai shi gaban dillalai da hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON da hukumar kare haƙƙin masu saye, za ka same ni a bayanka.